Ƙafar da ke hana barci: ina haɗinta da ƙarancin jini?

Sule_Kiwon_Lafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai koken da ke yawan zuwa ƙananan asibitoci. Mutum zai ce da zarar ya kwanta da dare sai ya ji kamar kiyashi na tafiya a cikin ƙwaurinsa, can ciki, ba a kan fata ba. Ba zafi ne sosai ba, amma dole ya motsa ƙafar. Ya miƙe ya zaga tsakar gida abin ya lafa, ya koma shimfiɗa, kafin minti goma ya dawo. Ana cewa ƙarancin jini ke kawo shi. To me ya sa ake samun mai PCV (ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini) 38 ko 40 yana fama da shi, ga kuma mai PCV 24 yana barcinsa lafiya lau? A ganina idan PCV ya yi kyau a cire batun sinadarin ƙarfe, a nemi wani dalili. Masana ku gyara mini.

Likitan_Jijiya:
Wa'alaikumus salam Malam Sule. Abin da ka kwatanta shi ne ciwon rashin natsuwar ƙafa, wanda a fayil za ka ga an taƙaita shi RLS, wasu kuma su rubuta Willis-Ekbom. Thomas Willis na Ingila ya kwatanta shi tun 1672, Karl-Axel Ekbom na Suwidin ya raɗa masa suna a 1945. Ba a gane shi da hoto ko gwajin jini, da tambaya ake gane shi. Mutum yana jin matsuwar ya motsa ƙafa? Abin yana tasowa ne idan ya zauna ko ya kwanta? Yana lafawa muddin yana tafiya ko yana miƙe ƙafar? Ya fi tsanani da yamma da dare? Idan duka huɗun "e" ne, kuma ka tabbatar ba wani ciwon ke kwaikwayonsa ba, shi ne.

Amma hukuncinka na ƙarshe akwai gyara. Abin da ke haɗe da ciwon nan ƙarancin ƙarfe ne, ba ƙarancin jini kai tsaye ba, kuma su biyun ba ɗaya ba ne. PCV yana gaya maka yawan jajayen ƙwayoyin jini ne kawai. Ba ya gaya maka ko rumbun ƙarfe na jiki a cike yake ko ya ƙare. Tun 1953 wani likita a Suwidin, Nordlander, ya ba masu wannan ciwo ƙarfe ta jijiya suka samu sauƙi, har da waɗanda jininsu bai yi ƙasa ba.

Auwal_Lab:
Haka yake Likita. Ƙarfe ba ya ƙarewa lokaci guda, mataki-mataki ne. Babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 a jikinsa, mafi yawa a cikin jajayen ƙwayoyi, saura a ajiye a hanta da saifa da ɓargo. Idan asara ta fi shiga yawa, ajiyar ce ke fara tafiya, feritin, wato ma'aunin ajiyar, ya sauka. Sannan ƙarfen da ke yawo a jini ya ragu, TSAT, wato ma'auninsa, ya faɗi. Sai can daga baya ƙwayoyin su ƙanƙance, MCV, wato ma'aunin girmansu, ya koma ƙasa da 80, hemogilobin (jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) da PCV su biyo baya. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe ana iya kwashe watanni. Mace za ta iya zuwa da PCV 38, feritin ɗinta kuwa 9.

Wanda zai tura gwaji ya rubuta: FBC (ƙidayar ƙwayoyin jini), feritin, ƙarfen jini da TIBC (iyakar ƙarfen da jini zai iya ɗauka), da CRP (ma'aunin kumburi a jiki) idan da hali. A ɗibi jinin da safe, kafin karin kumallo, kuma a dakatar da ƙwayar ƙarfe aƙalla awa 24 kafin nan. In ba haka ba ƙarfen jini zai fito sama a ɗauka lafiya ce. TSAT lissafi ne mai sauƙi: a raba ƙarfen jini da TIBC a ninka da 100. Misali 45 a kan 400 ya ba da kashi 11. Ƙasa da kashi 20 ya gaza.

Maman_Ilham:
Don Allah nawa ne feritin ɗin da ake so? Takardun lab suna rubuta daga 12 ko 15 zuwa sama lafiya ne.

Likitan_Jijiya:
Hajiya, a nan ne ake yawan yin kuskure. Wancan 15 ɗin ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne na cewa rumbu ya ƙare. Ga mai ciwon ƙafar nan ma'aunin daban ne: idan feritin 75 ne ko ƙasa, ko TSAT bai kai kashi 20 ba, ana ba da ƙarfe. Wato mai feritin 30 za a ce masa sakamakonsa ya yi kyau a sallame shi, alhali a wannan ciwon bai kai ko rabi ba.

Dalilin yana ƙwaƙwalwa. Matakin farko na haɗa dofamin, sinadarin da ke daidaita motsi, ba ya tafiya sai da ƙarfe. Hotunan MRI da gwajin ruwan laka, musamman aikin da aka yi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, sun nuna ƙarfe ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar masu ciwon ko da na jininsu daidai yake. Ƙofar da ƙarfe ke bi daga jini zuwa ƙwaƙwalwa a ƙuntace take a wurinsu, shi ya sa sai an cika rumbun fiye da na kowa kafin ƙwaƙwalwa ta samu rabonta. Ƙarfen jini kuma yana sauka da yamma, daidai lokacin da ƙafar ke fara damun mutum.

Dan_Maradi:
Ƙarin bayani ga 'yan'uwa na Nijar: takardunmu da Faransanci suke, FBC shi ne NFS a wurinmu. Wani lab yana rubuta feritin da ng/mL, wani da µg/L. Duk ɗaya ne, 40 a nan 40 ne a can, kada a ruɗe a yi wani lissafi.

Auwal_Lab:
Madalla Dan_Maradi. Wani tarkon kuma: feritin yana tashi idan akwai kumburi ko cuta a jiki. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka, ciwon hanta, ciwon ƙoda, duk suna ɗaga shi. Wanda ya tashi daga zazzaɓi satin jiya zai iya nuna 90 alhali rumbunsa fayau. Shi ya sa na ambaci CRP. Idan CRP ya hau, kada a yarda da feritin shi kaɗai, a dubi TSAT, ko a jira sati biyu zuwa huɗu bayan warkewa a maimaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2020 ta ce idan da kumburi a jikin babba, ƙasa da 70 ƙaranci ne.

Famasis_Kabiru:
Bari in shigo ta ɓangaren ƙwaya, don nan ma ana tafka asara. Lambar da ke gaban kwali nauyin haɗin maganin ne gaba ɗaya, ba na zallar ƙarfen ba. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun. Ferrous sulphate mai 200 mg, jar ƙwayar nan ta awon ciki, ƙarfen cikinta wajen 65 mg ne. Ferrous fumarate mai 200 mg shi ma kusan haka. Ferrous gluconate mai 300 mg kuwa 35 mg kacal ke ciki. Yawancin ruwan maganin ƙarin jini na kwalba, idan ka lissafa abin da ke cikin cokali ɗaya, bai kama ƙafar ƙwaya ɗaya ba, ga tsada.

Yadda ake sha: 65 mg sau ɗaya, ciki ba abinci, awa ɗaya kafin ci ko awa biyu bayansa, da ruwan lemon zaƙi ko bitamin C mai 100 mg. Ba a haɗa shi da shayi, kofi, madara, nono, ƙwayar kalsiyam ko maganin ƙwannafi. A ba da tazarar awa biyu. Masu shan omeprazole kullum su san yana rage tsamin ciki, ƙarfe kuwa sai da tsami yake shiga. Ciprofloxacin da doxycycline ƙarfe yana riƙe su a hanji su kasa aiki, levothyroxine ma haka, shi a ba shi tazarar awa huɗu.

Tsohon tsarin sau uku a rana an fara barinsa. Bayan kowace ƙwaya hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, wanda ke rufe ƙofar hanji na kusan kwana guda. Ƙwayar rana da ta dare sai su tarar da ƙofa a rufe, su wuce su bar mutum da ciwon ciki da taurin bahaya. Binciken da aka yi a Zurik ta Suwizalan ya nuna shan ƙwaya yau a tsallake gobe yana ƙara kason da hanji ke ɗauka. Wannan hefsidin ɗin ne kuma ya sa idan feritin ya haura 75 ƙwaya ba ta ƙara wani abin kirki.

Nas_Hadiza:
Malam Kabiru, a takarda tsallake rana ya fi, ban musa ba. Amma a aikace mutanen da aka ce wa yau e gobe a'a su ne suka fi rikicewa su daina gaba ɗaya. Gara a ce kullum sau ɗaya a haɗa shi da wani abu tsayayye kamar sallar asuba, ko kuma a ce Litinin, Laraba, Juma'a. Kuma a gaya wa mutum tun ranar farko cewa bahayansa zai yi baƙi, in ba haka ba kwana uku zai jefar da maganin ya ce yana ƙona masa ciki.

Famasis_Kabiru:
Na karɓi Litinin, Laraba, Juma'a, Sista. Sai dai baƙin bahaya iri biyu ne. Na ƙarfe baƙi-baƙi ne mai ɗan kore, da taurinsa. Wanda ya fito kamar kwalta, mai yauƙi da mugun wari, jini ne daga ciki, asibiti za a tafi a ranar. Kuma a ɓoye ƙwayar inda yara ba sa kaiwa. Ja ce mai sulɓi kamar alewa, 'yan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro.

Abu_Hanif:
Ba sai an kai ga ƙwaya ba ai. Malt da madarar gwangwani, zoɓo, da ruwan karan dafi, sati biyu jini ya dawo.

Ummu_Sadiq_Abinci:
Yaya Abu Hanif, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Madara ba ta da ƙarfen a zo a gani, kalsiyam ɗin cikinta ma tare shi yake yi, malt kuwa suga ne. Jan zoɓo da na karan dafi launin tsiro ne, ba shi ke nuna ƙarfe ba. Abincin da ƙarfensa ke shiga jiki da sauƙi shi ne hanta, jan nama, ƙoda, kifi. Na wake, zogale, alayyafo, gero da daddawa yana nan, amma kaɗan hanji ke ɗauka, sai an taimaka masa: a jiƙa hatsi ya kwana ko a bar shi ya yi tsami kamar na kamu, a matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a ci gwaiba ko lemo bayan abinci, a jefa ɗan nama a miyar ganye. Shayi a kan abinci shi ne babban ɓarawon ƙarfe, a jinkirta shi awa ɗaya zuwa biyu.

Duk da haka a yi lissafi. Daga abinci jiki yana ɗaukar 1 zuwa 2 mg ne a rana. Kowane maki ɗaya na feritin yana daidai da wajen 8 zuwa 10 mg a rumbu. Daga 10 zuwa 75 ana maganar fiye da 500 mg ke nan. Abinci yana tsare abin da aka gina, amma shi kaɗai ba zai cike wannan ramin a kan lokaci ba.

Ungozoma_Rabi:
Masu juna biyu su ne suka fi kawo koken nan, wajen mace ɗaya cikin biyar, musamman daga wata na bakwai. Ciki ɗaya yana cin kusan 1000 mg na ƙarfe. Macen da ta yi kwanika, ko ta zubar da jini da yawa a haihuwar baya, da rumbu fanko take shiga sabon ciki. Ku riƙa tambaya a wurin awo, don ba kowace ke faɗa ba, wasu sun ɗauka laulayi ne. Alama ɗaya da ke tafiya tare da shi: kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Duk wadda ta ce tana wannan, a duba ƙarfenta. Farar ƙasar ma tana ƙara tare ƙarfen a hanji.

Ƙa'idar awon ciki 30 zuwa 60 mg na ƙarfe ne da folik asid 400 µg kullum. Ga mafi yawansu ƙafar tana lafawa cikin 'yan makonni bayan haihuwa. Kada mai ciki ta sayi maganin barci ko na jijiya a kemis saboda wannan. Kuma Ummu Sadiq, hanta ga mai ƙaramin ciki a taƙaita, bitamin A ɗinta ya yi yawa.

Likitan_Ciki:
Ana ta maganar zubawa, ba a yi maganar inda yake yoyo ba. Ba da ƙarfe ba tare da gano hanyar asara ba ɗibar ruwa ne da kwando. Ga mace mai haila: kwana nawa take yi, tana fitar da gudaji, tana canza ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu? Idan haka ne a duba ƙari a mahaifa. Ga manomi ko mai yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, tsutsar hanji mai shan jini: albendazole 400 mg, amma ba a watanni ukun farko na ciki ba. Masu noman rani da masunta da yara masu wanka a kududdufi, tsargiya: jini a ƙarshen fitsari, praziquantel gwargwadon nauyi, 40 mg a kowane kilo. Sai basir mai jini, gyambon ciki, da masu shan diclofenac, ibuprofen ko piroxicam kullum saboda ciwon jiki. Abin takaici, da yawa saboda ƙafar nan suke shan su, maganin kuma yana ƙara tsiyayar da jinin da ke hura ciwon.

Leda ɗaya ta jini da mutum ya bayar tana tafiya da 200 zuwa 250 mg na ƙarfe, don haka masu bayarwa a kai a kai su riƙa duba feritin. Mai yawan yin ƙaho shi ma a tambaye shi sau nawa. Namiji baligi ko macen da ta daina haila, idan aka samu ƙarancin ƙarfe, dole a leƙa ciki da hanji da na'ura, don ciwon dajin hanji da haka yake fara sallama.

Sule_Kiwon_Lafiya:
Allah ya saka da alheri, na janye maganata ta PCV. Amma ga matsalar ƙauye: babu feritin sai an je birni, kuɗin gwaji da na mota sun fi na maganin wata uku. A ba da ƙwayar kawai a gani?

Likitan_Jini:
Malam Sule, tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma ta danganta da wanda ke gabanka. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, abin da ya shiga ya zauna, ya taru a hanta da zuciya. Mai sikila PCV ɗinsa a ƙasa yake kullum, amma ba don rashin ƙarfe ba, ƙwayoyinsa ne ke fashewa, ƙarfen kuma yana komawa rumbu. Idan an sha yi masa ƙarin jini ma ya yi masa yawa. Shi, da duk wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, da mai ciwon hanta, ba a ba su sai da gwaji. TSAT ya haura kashi 45, ba a bayarwa ko kaɗan.

Mace mai haila da yawa, ko mai shayarwa, jininta AA ko AS, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, PCV ƙasa da 36, ga alamomi huɗun da Likitan Jijiya ya lissafa: wannan za a iya fara mata ƙwaya, a maimaita PCV bayan sati huɗu. Idan ƙarancin ƙarfe ne kuma tana sha daidai, hemogilobin zai hau da 1 zuwa 2, wato PCV ya ƙaru da maki 3 zuwa 6. Bai motsa ba, a tura ta gaba. Ya hau, kada a tsaya, a ci gaba wata uku bayan jini ya daidaita, don jini ke fara cika kafin rumbu, ƙafar kuwa rumbu take jira. Namiji mai PCV 42 kam ban goyi bayan a ba shi a makance ba, ya je ya yi gwajin.

Nas_Hadiza:
Wannan "kada a tsaya" ɗin a ja masa layi. PCV na dawowa 37 ake cewa an warke, wata biyu ƙafa ta dawo.

Famasis_Kabiru:
Kafin a ce ƙarfe bai yi aiki ba, a zazzage ledar magungunan mutum a tebur. Wanda ƙafa ta hana barci abin da ya fi saya shi ne Piriton ko promethazine, su kuwa suna cikin manyan masu tayar da ciwon. Haka maganin mura mai sa barci, cyproheptadine da ake sha don ƙiba, metoclopramide na tashin zuciya, amitriptyline, mirtazapine, fluoxetine da haloperidol. Na asibitin ƙwaƙwalwa ba a yanke su da kai, a koma wurin wanda ya rubuta ya canza. Goro, kofi, lemon ƙara kuzari da shayin dare mai kauri su ma a ajiye su daga azahar. Shayin ma ta fuska biyu yake cuta, yana tayar da ƙafar yana kuma tare ƙarfe.

Garba_Tsohon_Nas:
A yi hattara kada kowane ciwon ƙafa ya koma wannan. Masu ciwon suga ma da dare suke kuka da ƙafa.

Likitan_Jijiya:
Gaskiyarka Baba Garba. Na suga daga yatsu da tafin ƙafa yake farawa, zafi kamar an shafa barkono, ko minjirya, ko mutum ya ji kamar yana taka auduga, kuma tafiya ba ta kawar da shi. Mai shan metformin shekaru a duba masa bitamin B12. Ɗaurewar jijiya kuwa farat ɗaya take zuwa, naman sharaɓa ya dunƙule ya yi tauri har ana iya taɓa shi, minti kaɗan ya saki. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi tana ciwo, wannan gudan jini ake tsoro, ba a jira. Ana kuma iya samun biyu a mutum ɗaya, na suga da na rashin natsuwar ƙafa. Tambayar da ke rabewa ita ce: idan ka tashi ka taka, yana sakinka nan take? A tambayi abokin kwana kuma, don mafi yawansu ƙafarsu na harbawa cikin barci duk daƙiƙa 20 zuwa 40 ba su sani ba.

Idan an cika ƙarfe, an cire masu tayarwa, ciwon bai bari ba, sai magani. Da pramipexole da ropinirole ake farawa a da. Suna aiki daren farko kamar yankan wuƙa, amma bayan watanni ko shekaru ciwon yakan rikiɗe: ya fara tun la'asar, ya hau hannu, a ƙara magani ya ƙara muni. An gudu ba a tsira ba. Mai ƙarancin feritin ya fi faɗawa wannan. Wasu kuma maganin yana jefa su caca ko kashe kuɗi ba kan gado. Shi ya sa yanzu gabapentin ko pregabalin ke gaba, a fara da kaɗan da dare, a rage wa mai ciwon ƙoda.

Garba_Tsohon_Nas:
Likita, pregabalin a halin da matasanmu ke ciki da shi? Ni ina ganin ambatonsa ma a fili haɗari ne. Ga tramadol, wanda ya saba da shi ya daina, irin wannan rashin natsuwar ƙafar ce ke kama shi, ya koma ya sha ya ce magani ne.

Likitan_Jijiya:
Damuwarka a wurinta take. Sai da takardar likita, adadi ƙidayayye, da ranar dawowa, kuma ba a haɗa shi da tramadol ko kodin don suna danne numfashi. Batun tramadol da ka kawo a saka shi cikin tambayoyin farko ga duk matashin da ya zo da koken nan. Amma tsoron masu shaye-shaye ba zai sa a bar dattijuwar da ta shekara ba ta barcin awa uku a jere ba magani ba.

Likitan_Jini:
Mu koma kan ƙarfe, akwai na jijiya da ba a yi bayani ba. Ana zuwa gare shi idan ƙwaya ta gagara shanyuwa, ko an sha wata uku feritin bai motsa ba, ko asarar ta fi ƙarfin ƙwaya, ko feritin na tsakanin 75 da 100 inda hanji ba zai ƙara ɗauka ba. Wanda aka fi gwadawa a wannan ciwon shi ne ferric carboxymaltose, 1000 mg a cikin ruwan gishiri 250 mL, ya shiga cikin minti 15 ko fiye, a rage ga marar nauyi, a tsare mutum rabin awa bayan an gama. Sai a asibitin da ke da adrenaline a kusa, wato allurar gaggawa idan jiki ya ƙi maganin. A tabbatar allurar na cikin jijiya sosai, don idan ya zuba ƙarƙashin fata yana barin tabo ruwan ƙasa mai daɗewa. Yana iya saukar da fosfet na jini, sinadarin da ƙashi ke buƙata, wanda aka maimaita wa ya ji kasala da ciwon ƙashi a duba. Ba a yi a watanni ukun farko na ciki, ba a yi ana tsakiyar zazzaɓi. An gwada shi a kan masu juna biyu a Kano da Legas a binciken IVON da aka wallafa a 2024, ya fi ƙwaya gyara ƙarancin ƙarfe, sai dai jini aka auna a can, ba ƙafa ba.

A gaya wa mutum sauƙin ƙafar yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida, kuma ba kowa ke samu ba. Feritin ba a maimaita shi sai bayan sati takwas, kafin nan lambar za ta fito sama ta yaudare ka. Allurar ƙarfe ta ɗuwawu a bar ta, ga zafi ga tabo. Ƙarin jini kuma ba maganin wannan ciwon ba ne.

Nas_Wankin_Koda:
Masu wankin ƙoda suna fama da shi sosai, awa huɗu a kan na'ura ba damar tashi. Su lambobin 75 da 100 ba sa aiki a kansu, feritin ɗinsu a sama yake saboda kumburi, TSAT aka fi dubawa, kuma iron sucrose ake ba su ta na'urar. Likitan ƙoda ne ke yanke wannan.

Sule_Kiwon_Lafiya:
Saura rabin tambayata ta farko. Mai PCV 24 da ke barcinsa lafiya fa?

Likitan_Jijiya:
Da farko ba kowane PCV 24 ne na rashin ƙarfe ba, kamar yadda Likitan Jini ya nuna da sikila, ga kuma zazzaɓin cizon sauro. Ko cikin waɗanda aka tabbatar ƙarancin ƙarfe ne ya saukar musu da jini, wajen ɗaya cikin uku ko huɗu ne ke samun ciwon ƙafar. Sauran gado ne ke raba su. A 2007 aka gano ƙwayoyin halitta irin su BTBD9 da MEIS1 da ke ƙara haɗarin, shi ya sa idan ka tambaya sau da yawa za a ce uwa ko kaka ma haka take kwana tana murza ƙafa. Mai gadon, ƙarfe na ɗan sauka ciwon ya tashi. Marar shi, rumbu zai ƙare tas ƙafarsa shiru.

Maman_Ilham:
To da azumi yaushe za a sha ƙwayar, tunda buɗa-baki da sahur duk da shayi ko kunu da madara?

Famasis_Kabiru:
Bayan tarawihi, dab da kwanciya, idan an samu awa biyu da cin abinci na ƙarshe. Ruwa ko lemo kawai a bi ta da shi, kuma kada a kwanta nan take, a ɗan zauna ta sauka.

Nas_Hadiza:
Mai gyambon ciki ba zai jure ta haka ba, Malam Kabiru. Shi ya sha da 'yar loma, dabino ko gwaiba, ko da abin da zai shiga ya ragu. Ya gagara, a sauka zuwa gluconate.

Auwal_Lab:
Wanda zai maimaita feritin a cikin azumi ya zo da hantsi, ya tsallake ƙwayar daren jiya, ya kuma riƙo tsohuwar takardarsa a kwatanta. In da hali a lab ɗin da aka yi na farko, don na'urori suna ɗan saɓawa.